Bin 'yan sanda bakin aiki: abin da ake gani daga cikin motar sintiri da bencin birgad

Bin jami'an tsaro bakin aiki hanya ce ta sanin aikinsu da ido, maimakon dogaro da littafin doka ko bakin kakakin runduna. Mai yin haka yana shiga motar sintiri, ko ya zauna a benci a ofishin 'yan sanda ko birgad ɗin jandarma, kwana da kwanaki, wani lokaci har shekara guda ko fiye, yana kallo yana rubutawa. Da Faransanci masu bincike suna kiran wannan hanya observation de terrain, 'yan jarida kuma su ce immersion. Masu yin ta iri-iri ne: akwai sabon ɗan sanda da aka haɗa da tsohon hannu don ya koya, akwai malamin jami'a, akwai ɗan jarida, a wasu ƙasashe ma har da mutumin gari da ya cika takarda ya nemi izini.

An fi shekara 70 ana irin wannan zama, daga Amurka zuwa Faransa, daga Afirka ta Kudu zuwa Nijar da Gana, kuma abin da masu kallon suka dawo da shi kusan ɗaya ne. Farautar ɓarayi ƙaramin yanki ne na aikin. Mafi yawansa jira ne, da rubutu, da raba gardama, sannan da shawarar da ƙaramin jami'i ke yankewa shi kaɗai a cikin minti biyu: wa zai tsayar, wa zai bari ya wuce, me zai shiga takarda, me zai ƙare a baki. Ga wanda ke zaune a ƙasar da harshen ofis ba nasa ba ne, ko wanda sana'arsa ke sa shi ƙetare iyaka a kai a kai, wannan shawarar ta ƙaramin jami'i ita ce hukumar da yake haɗuwa da ita kullum.

Inda abin ya faro

Wanda aka fi ambata a matsayin na farko shi ne William Westley, ɗalibin jami'ar Chicago, da ya bi 'yan sandan garin Gary a jihar Indiana ta Amurka wajen shekarar 1950. Ya gano abu biyu da har yau ake maimaitawa: jami'ai suna rufa wa juna asiri, kuma da yawansu suna ganin raini daga ɗan gari ya isa dalilin ɗaga masa hannu. A 1964 Michael Banton ya kwatanta 'yan sandan Sikotland da na Amurka, ya ce jami'in da ke titi ya fi zama mai kwantar da rikici a kan mai zartar da doka.

Bincike mafi girma na wancan zamani an yi shi ne a 1966. Albert Reiss ya saka masu kallo 36 cikin motocin sintiri a biranen Boston da Chicago da Washington, suka rubuta haɗuwa sama da 5,000 tsakanin jami'ai da jama'a. Mafi yawan waɗannan haɗuwa, jama'a ne suka kira 'yan sanda, ba 'yan sanda ne suka gano laifi da kansu ba. Wato runduna tana gani ne da idon masu kawo mata ƙara. Masu kallon sun kuma shaida duka da cin zarafi da aka yi a gabansu, alhali jami'an sun san ana rubutawa, abin da ya nuna cewa bayan 'yan kwanaki baƙon da ke kujerar baya yakan zama kamar ba ya nan.

Rundunonin ma sun ɗauki hanyar don horar da nasu. A farkon shekarun 1970 birnin San Jose na jihar Kalifoniya ya tsara cewa duk wanda ya fito daga makarantar 'yan sanda sai ya yi watanni tare da gogaggen jami'i, wanda zai riƙa rubuta rahoto a kansa kowace rana. A ƙasashe masu amfani da Faransanci, sabon jami'i yakan fara ne a matsayin stagiaire kafin a tabbatar da shi. Amfanin tsarin a fili yake, illarsa ma haka: abin da tsohon hannu ya saba yi, mai kyau da marar kyau, shi yaron zai ɗauka a matsayin aiki.

Wa ake bari ya shiga mota

A Amurka da Kanada rundunoni da yawa suna karɓar mutanen gari su yi sintiri ɗaya tare da jami'i. Ana duba ko mai nema yana da tarihin laifi, ya sa hannu cewa ba zai kai ƙara ba idan wani abu ya same shi, ba ya ɗaukar makami, ba ya fita daga mota sai an ce ya fita. Akwai iyaka da kotu ta gindaya: a 1999 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa shigar da 'yan jarida gidan mutum yayin kamu ya saɓa wa tsarin mulki. Shari'ar ta taso ne daga wani samame da aka kai da asuba a jihar Maryland, tare da wakili da mai ɗaukar hoto na jaridar Washington Post. Takardar izinin shiga gida ta jami'i ce, ba ta baƙonsa ba.

A yankinmu ba haka ake shiga ba. Mai bincike ko ɗan jarida yana neman izini a rubuce daga sama, kuma sai ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, domin rundunonin ba uwarsu ɗaya ba. A Nijar 'yan sanda da Garde nationale suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, jandarma kuma sojoji ne na ma'aikatar tsaro. A Kamaru hukumar 'yan sanda, DGSN, tana amsawa ne kai tsaye ga fadar shugaban ƙasa. Cadi tana da ƙarin runduna ta GNNT mai kula da karkara da makiyaya. Benin ta haɗe 'yan sanda da jandarma a 2018 ta kira su Police républicaine. Gana da Najeriya ba su da jandarma ko kaɗan. Bisa al'ada, a ƙasashen da ke da duka biyun, birni na 'yan sanda ne, karkara da manyan hanyoyi na jandarma.

Ko an samu takardar, rabin aiki ne. Kwamandan birgad zai iya karɓar izinin da hannu biyu, ya zaunar da baƙo a ofishinsa, ya ba shi shayi har yamma, bai ga komai ba. Sai ƙananan jami'ai sun gaji da ɗaukar sa ɗan leƙen asirin manya sannan kallo na gaske yake farawa.

Faransa: jira, da lissafin kamu

Misalin Faransa ya shafe mu ta fuska biyu: tsarin jandarma da kundin bin shari'ar laifi na ƙasashe da dama a yankin nan daga can aka gaje su, kuma 'ya'yanmu da ke zaune a unguwannin bayan Paris su ne aka fi tsayarwa.

Dominique Monjardet, a littafinsa Ce que fait la police na 1996, ya nuna wani abu da ya saɓa wa tsarin da ke jikin bango. A takarda umarni yana saukowa ne daga sama. A titi kuwa aikin da ke jiran jami'i ya fi ƙarfin lokacinsa, don haka shi ke zaɓar wanda zai yi, manya kuma sai dai su karɓi rahoton abin da ya riga ya faru.

Didier Fassin, likita kuma masanin zamantakewa, ya yi wata 15 tsakanin 2005 da 2007 yana bin wata rundunar BAC, masu sintiri da farin kaya, a wata unguwar bayan Paris. A cikin wannan lokaci ne tarzomar ƙarshen 2005 ta ɓarke, bayan mutuwar samari biyu a Clichy-sous-Bois da suka ɓuya wa 'yan sanda a tashar lantarki. Abin da ya fi cika littafinsa La Force de l'ordre, da ya fito a 2011, shi ne zaman banza: sa'o'i ana zagaye a mota, kira bai zo ba, idan ya zo kuma sau da yawa a iske mai laifin ya daɗe da tafiya. Amma a lokacin ana auna ƙwazon runduna da yawan kamu. To, wa ya fi sauƙin kamawa? Yaron da ke da ɗan ƙullin wiwi a aljihu, da baƙon da ba shi da takardar zama. Su biyun ana samun su ne ta hanyar tsayar da mutane a duba katin shaida, kuma launin fata ne ke nuna wanda za a tsayar. Da Fassin ya nemi ci gaba da binciken, hukuma ba ta sake ba shi izini ba.

Wasu masu binciken sun ƙi shiga mota gaba ɗaya. Tsakanin 2007 da 2008 tawagar Fabien Jobard da René Lévy ta tsaya a wurare biyar a Gare du Nord da Châtelet-Les Halles, suna ƙirga masu wucewa, suna kuma bin 'yan sanda daga nesa ba tare da sun sani ba. Sun rubuta tsayarwa 525. Sakamakon da aka fitar a 2009 ya nuna baƙar fata ya fi farar fata yiwuwar a tsayar da shi wajen sau shida, Balarabe kuma kusan sau takwas. A watan Nuwamban 2016 kotun ƙoli ta Cour de cassation ta sami gwamnatin Faransa da laifi kan irin wannan binciken na wariya.

A bencin birgad ɗin jandarma a Nijar

Bincike mafi kusa da masu karatunmu shi ne na Mirco Göpfert, Bajamushe da a lokacin binciken yake jami'ar Mainz, wanda ya daɗe yana zama da jandarmomin Nijar, ya kuma fitar da littafi a kai a 2020. Ya sakaya sunan garin, ya kira shi Godiya. Kalmar da ya ɗauko daga bakin jandarmomin don bayyana aikinsu ta Hausa ce: gyara.

Don a fahimci dalili, sai a dubi yadda ƙara take shiga birgad. Mutum ya zo da labarinsa da Hausa, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Tamashek. Labarin yana da tsawo, ya faro tun daga aure ko gado ko wata kasuwa ta shekarun baya. Jandarma yana saurare, amma kunnensa na neman abu ɗaya: shin akwai laifin da ke da suna a cikin kundin hukunta laifuka? Idan akwai, sai a mayar da labarin Faransanci a takardar da ake kira procès-verbal, a tura wa mai gabatar da ƙara. Göpfert ya nuna yadda jandarmomi ke ba da ƙarfi ga tsarin wannan takarda, da jerin sassanta, da kyan zubinta, domin da ita manyansu da alƙali za su auna su. Abin da bai shiga zubin ba, ya faɗi ke nan, ko da shi ne ya fi ci wa mai ƙara rai.

Sai dai mafi yawan masu zuwa ba ɗauri suke nema wa abokin gaba ba. Wanda aka cinye wa kuɗin albasa kuɗinsa yake so. Wanda shanu suka shiga gonarsa diyya yake so, kuma baɗi ma makiyayin nan zai sake biyowa ta wurin. Idan aka bi doka tsantsa, wani ya tafi gidan kaso, mai ƙara ya koma hannu rabbana, gaba kuma ta ɗore tsakanin gidaje biyu. Nan ne gyara ke shigowa: a kira dangi, ko wakilin mai gari, a yi lissafi, a yanka wa'adin biya, a janye ƙara. Jandarma na amfani da tsoron takarda da ɗakin tsarewa don ya sa mai taurin kai ya sauko, alhali shi ma ba ya son rubuta takardar.

Iyakar da ke tsakanin laifi da rikicin dukiya ita ce filin da ake wannan wasa. Bashi zalla ba laifi ba ne a dokar waɗannan ƙasashe, kotun farar hula ke da shi. Amma idan aka kira shi abus de confiance, wato cin amana, ko escroquerie, wato damfara, ya zama na jandarma. Ɓarnar gona ma a Nijar doka ta ce a fara kai ta gaban sarakunan gargajiya don sulhu. Da zarar an ɗaga sanda an fasa kai, ta koma birgad. Jan Beek, da ya yi irin wannan zama da 'yan sandan Gana, ya tarar da jama'a suna jawo 'yan sanda cikin rikicinsu na kuɗi ta wannan ƙofa, jami'ai kuma kullum suna cikin tantance abin da ke nasu da wanda ba nasu ba.

Gyara ba abin yabo ba ne zalla. Yana sauƙaƙa wa talaka doguwar tafiya zuwa kotu da kuɗin mota, amma ba shi da ɗaukaka ƙara, ba shi da shaida a rubuce, kuma wanda ya zo da babban mutum a bayansa ya fi samun sulhu mai daɗi. Macen da mijinta ya daka, aka ce ta yi haƙuri a koma gida, ita ma "gyara" aka yi mata. Baƙo kuwa, wanda ba shi da mai gari ko sarkin zango da zai tsaya masa, ya fi kowa shiga sulhu a raunane. Shi ya sa a zangon Kumasi ko unguwar Briqueterie ta Yawunde, mai zuwa ofishin 'yan sanda ba kasafai yake zuwa shi kaɗai ba.

Kallo daga kujerar direba

Akwai ɓangaren aikin da ba a ganin sa daga motar sintiri, sai daga motar da aka tsayar. Tsakanin 1999 da 2001 tawagar Giorgio Blundo da Jean-Pierre Olivier de Sardan ta yi bincike kan cin hanci na yau da kullum a Benin da Nijar da Senegal, Nassirou Bako-Arifari ya ɗauki ɓangaren sufuri da kwastan. Daga wannan aiki da waɗanda suka biyo baya a cibiyar LASDEL ta Yamai aka yaɗa kalmar normes pratiques: ƙa'idojin da ba a rubuta ba, amma direba da jami'i duk sun san su, har da nawa ake bayarwa da yadda ake miƙawa a cikin takardun mota.

Daga baya ƙungiyoyin UEMOA da CEDEAO suka mayar da wannan kallo ƙidaya. A 2005 aka kafa Observatoire des pratiques anormales, inda ake ba direbobin manyan motoci masu cikakkun takardu fom su rubuta kowane shinge, rundunar da ke wurin, kuɗin da aka karɓa ba rasit, da mintocin da aka ɓata. An fara da hanyoyin Tema zuwa Wagadugu, Lome zuwa Wagadugu, da Wagadugu zuwa Bamako. Dalilin zaɓar masu cikakkun takardu shi ne a toshe bakin mai cewa direba ne ya sayi laifinsa. Hukumar CILSS ma tana irin wannan ƙidaya a hanyoyin dabbobi da hatsi.

Abin da mai kallo ba ya gani

Wanda ya yi wata shida yana cin abinci da jami'ai, yana jin kukansu kan albashi da rashin mai a mota da sauyin wurin aiki, ba makawa ya fara ganin titi da idonsu. Wannan riba ce, domin ita aka je nema, amma tarko ce kuma. Mutumin da aka tsayar minti goma kawai yake yi a cikin littafin mai bincike, jami'in kuwa yana da shafi ɗari.

Akwai kuma wuraren da motar ba ta zuwa. Jonny Steinberg, da ya yi kimanin sa'a 350 yana sintiri da 'yan sandan Johannesburg, ya lura cewa a daren ƙarshen mako jami'ai suna kauce wa taron jama'a inda aka fi su yawa, su karkata ga kiran rikicin cikin gida, inda suke da tabbacin za a ji maganarsu. Mai kallon da bai lura da wannan ba zai ɗauka rikicin ma'aurata ne kaɗai matsalar unguwar.

Mafi nauyi shi ne ranar da aka yi zalunci a gaban mai kallo. Ɗan jaridar Faransa Valentin Gendrot ya shiga aikin ɗan sanda a ɓoye, ya yi horon wata uku a Saint-Malo, sannan ya yi wata shida a ofishin gunduma ta 19 a Paris. A littafinsa Flic na 2020 ya faɗa da bakinsa cewa ya ba da shaidar ƙarya don rufa wa abokin aikinsa da ya doki wani matashi, saboda kada asirinsa ya tonu kafin ya gama. Har yanzu 'yan jarida na gardama kan ko labarin da ya fito da shi ya kai wannan farashi.

Masu shiga ba da roƙo ba

Saboda izini abu ne da ake bayarwa a kuma janye, wasu ƙasashe sun mayar da kallon doka. A Birtaniya, bayan tarzomar Brixton ta 1981, aka fara tura mutanen gari na sa-kai su shiga ɗakunan tsare mutane ba sanarwa, dokar 2002 kuma ta wajabta hakan. A Najeriya sashe na 34 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya ɗora wa alƙalan majistare ziyartar ofisoshin 'yan sanda kowane wata, su duba rajistar kamu, su ba da beli inda ya dace. A ƙasashe masu bin tsarin Faransa, mai gabatar da ƙara ne ke da alhakin sa ido kan tsarewar da ake kira garde à vue.

Abin da duk waɗannan masu ziyara ke fara dubawa shi ne agogo: ƙarfe nawa aka rubuta an kawo mutum. A Nijar da Kamaru wa'adin farko na tsarewa a laifuka na yau da kullum sa'a 48 ne, ana iya sabunta shi bisa sharuɗɗan doka, laifukan ta'addanci kuma suna da nasu wa'adin mai tsawo. Tsarin mulkin Gana ya ce a kai mutum kotu cikin sa'a 48. Na Najeriya ya ce kwana ɗaya idan akwai kotu a cikin tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu. Dangin wanda aka kama suna iya riƙe wannan lissafi da kansu, su rubuta rana da sa'a da sunan ofishin.

Wayar hannu ta sa kowa ya zama mai kallo, amma dokar ɗaukar hoto ta bambanta daga iyaka zuwa iyaka. A Faransa an halatta ɗaukar jami'i yana aiki a bainar jama'a, kuma a watan Mayun 2021 Majalisar Tsarin Mulki ta soke sashen dokar tsaro da aka yi ta zanga-zanga a kansa saboda tsoron zai hana yaɗa irin waɗannan hotuna. Wannan hukunci bai ƙetare iyakar Faransa ba. A yankunan da ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, kamar Diffa da Tillaberi, ko inda sojoji ke aiki a kewayen tafkin Cadi, shinge wurin aikin soja ne, kuma ɗaga waya a wurin na iya jawo ƙwace ta da tsare mai ita.